Masaukin Alfarma a Makka da Madina: Me Mai Iyali Zai Duba Kafin Ya Biya?

Sanin kowa ne cewa a garuruwanmu malamin makaranta ba ya tashi daga aiki don an kaɗa ƙararrawa. Da ya koma gida zai tarar da mai wasiƙa yana jira, ko mai takardar likita, ko wanda aka aiko wa saƙo da Faransanci ya rasa mai karanta masa. To, watannin baya irin wannan aiki ne ya kawo wani Alhaji ƙofar gidanmu bayan sallar la'asar. Ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi a nan Maraɗi, kuma biyu daga cikin ƴaƴansa a hannunmu suka koyi karatu. Bayan mun gaisa sai ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Umra za mu tafi ni da iyali, har da Hajiya tsohuwa. Na gaya wa masu shirya tafiyar otal mai tauraro biyar nake so, kada su rage kome."

Muka karɓa muka duba. Ba su yi masa ƙarya ba, otal ɗin mai tauraro biyar ne, har da hotonsa a jikin takardar. Amma da muka ce ya ƙirga mana masu tafiya, sai ga shi, ga uwargida, ga mahaifiyarsa, ga yara huɗu: namiji ɗan shekara 13, mace ƴar shekara 10, wani ɗan shekara 5, da jaririya ta goye. Mutum bakwai ke nan. Takarda kuwa ɗaki biyu ta ce, kowane da gado biyu. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta gaban sunayen yara biyu cewa su "yaro ne ba gado". Muka karanta masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato da kuɗina ƴaƴana za su kwana a ƙasa?"

Wannan tambaya ita ta sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu wannan bayani, domin kuwa a ƴan shekarun nan masu hali daga cikinmu sun fara ɗaukar iyali gaba ɗaya zuwa Umra, abin da a da sai dai a ji labari. Mu dai da Allah ya nufe mu da zuwa, a unguwar Misfala muka sauka, mu biyar a ɗaki guda, saboda haka ba za mu yi wa kowa burgar sanin daɗin manyan otal ba. Sai dai mun taka wuraren da ƙafarmu, mun shiga gaida waɗanda suka sauka ciki, kuma mun sha karanta wa jama'a irin waɗannan takardu. Abin da muka fahimta shi ne, babban otal don mutum biyu aka tsara ɗakinsa, miji da mata ko abokan tafiya. Iyali irin namu, mai yara da tsohuwa da goyo, sai an sake masa lissafi tun daga farko, kuma yawan taurari ba ya yi wa mutum wannan lissafi.

Bari mu fara da inda masaukan suke. Duk wanda ya ga hoton Harami a yau ya ga dogon ginin nan mai agogo, wanda ake kira Abraj al-Bait. An kammala shi a 2012 a inda wata tsohuwar ganuwar Turkawa take kafin a rushe ta a 2002. Hasumiya bakwai ne a haɗe, mai agogon tsayinta mita 601, kuma ginin yana fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz a kudancin masallaci. Otal ba ɗaya ba ne a ciki: akwai Fairmont, akwai Raffles, akwai Swissôtel, da Pullman Zamzam, da Mövenpick, a ƙarƙashinsu kuma ga kantuna da wuraren cin abinci hawa-hawa. A yamma da masallaci, daura da titin Ibrahim Khalil, akwai Jabal Umar, wani tudu da aka sassaƙe aka jera masa otal irin su Conrad da Hyatt Regency da Hilton Suites da Marriott. Sai kuma Dar al-Tawhid InterContinental da ke daf da Ƙofar Sarki Fahad. Bayan waɗannan akwai wasu manyan otal masu kyau ƙwarai a nesa, wajen Kudai da Aziziyya, waɗanda ke kai baƙinsu masallaci da motar safa.

Ga mai yara, waɗannan na nesa mu a ganinmu a ajiye su gefe, kome kyansu. Jiran mota da goyo a baya, ga tsohuwa, ga rana, sau biyar a yini, ba abin da mutum ya tara kuɗi ya je nema ba ne. Abin da yakan faru shi ne maigida ya tafi masallaci, uwargida ta zauna tsaron yara a ɗaki mai sanyi, ta dawo gida da sunan ta yi mako guda a Makka alhali sallolin da ta yi a Harami ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Har cikin na kusa ɗin ma akwai abin lura. Takardu suna son rubuta cewa otal yana "mita 300 daga Harami". To, daga ina aka fara awon, kuma a ina aka tsaya? Galibi daga ƙofar otal ne zuwa bakin farfajiya, farfajiyar kuwa faɗi gare ta, kafin ka kai sahu ka ƙara wata tafiyar. Bugu da ƙari Makka kwari ce tsakanin duwatsu, zuwa masallaci gangara ne, dawowa kuwa hawa. Mu yi irin lissafin da muke ba ƴan aji huɗu: mita 300, zuwa da dawowa, sau biyar, ya kama kilomita 3 a kowace rana. Babba ba zai ji ba. Yaro ɗan shekara biyar kuwa ranar farko zai yi da murna, rana ta biyu zai nemi a ɗauke shi, ta uku zai kwanta a ƙasa ya ce ba ya zuwa. Kada a manta kuma ranar Umra kanta akwai ɗawafi bakwai, sa'an nan ga sa'ayi tsakanin Safa da Marwa wanda shi kaɗai ya kusa kilomita 3. Keken tura jariri ma ba ko'ina ake shiga da shi ba, domin an hana shi a filin ɗawafi na ƙasa, sai a benen sama.

Akwai kuma wata tafiyar da ba a rubuta ta a takarda, wato tafiyar sama. A waɗannan dogayen gine-gine mutum ba ya isa ɗakinsa sai ta lif, ɗan ɗakin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane. A wasu ma sai ka hau ɗaya ya kai ka wurin karɓar baƙi, ka fita, ka sake shiga wani ya kai ka hawan da kake. In an sallame salla dubban mutane ne ke dawowa a lokaci guda. Mun taɓa raka wani ɗan'uwa da ya sauka a ɗaya daga cikinsu bayan sallar isha'i, muka tsaya a layi har yaronsa ya yi barci a tsaye jingine da ƙafarsa, ga uwar tana ta rarrashin ƙaramar da ke neman bayi. Otal ɗin kuwa ba abin kushewa, ko'ina sai ƙyalli. Saboda haka wanda zai kama ɗaki ya tambaya: hawa na nawa ne, kuma lif nawa ake shiga kafin a kai? Ya roƙi hawan ƙasa-ƙasa in da hali.

A nan ne za a yi karo da abin da ya fi jan hankalin masu kuɗi, wato ɗaki mai kallon Ka'aba. Ɗakunan iri uku ne a farashi: mai kallon gari, mai kallon masallaci, da mai kallon Ka'aba, kuma na ƙarshen shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ba mu ce kuɗin banza ba ne. Tsohuwar da ƙafa ba za ta bar ta ta sauka kowace salla ba, in ta zauna bakin taga tana kallon Ɗakin Allah da carbi a hannu, ta sami abin da ta zo nema. Yawancin waɗannan otal ma suna jawo sautin masallaci har cikin ɗakuna, wasu kuma suna da wurin salla mai fuskantar Harami. Batun ko ya halatta a bi liman daga can kuwa malamai sun saɓa, sai kowa ya tambayi malaminsa tun a gida. Amma idan kuɗi ba za su ɗauki taga da gadaje duka ba, mu dai gadaje muka zaɓa.

Mu koma kan gadajen, tun da su ne asalin maganar. Kamfanonin shirya Umra sun kasa yara kashi uku: jariri, yaro ba gado, da yaro mai gado, kowanne da farashinsa. Sukan sa yaro a kashi na biyu don jimillar kuɗi ta yi sauƙi a ido, ba tare da sun tsaya sun bayyana wa mai biya ba. Otal kuma yana da ƙa'idar yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka, ba ya yarda a shimfiɗa tabarma a ƙara mutum kamar yadda muke yi in baƙi sun zo suna. Ƙarin gado da kuɗinsa, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin gado ne mai naɗewa. Gadon jariri galibi kyauta ne, amma ba su da yawa, sai wanda ya riga nema. Ga kuma abin da addini ya koya mana na raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, wanda bai kamata a je Makka a karya shi ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a kama ciki da falo, ko kuma ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Ciki da falo yana da daɗin zama, ana cin abinci tare, yara na da wurin motsawa, sai dai wani da bayi ɗaya yake zuwa. Mai karatu ya auna mutum bakwai da bayi ɗaya kafin sallar asuba. Ɗakuna masu ƙofa a tsakani sun fi, don kowane da bayinsa, uwa kuma tana jin motsin ƴaƴanta ba sai ta sa hijabi ta fita waje ba. To amma a nan ne tarkon yake: yawancin otal suna rubuta cewa za a ba da irin wannan ɗaki "in an samu". Ma'ana ba alkawari ba ne. Iyali na iya isa a ce ɗaya na hawa na 12, ɗaya na hawa na 20. Don haka a matsa sai otal ɗin da kansa ya aiko da amsa a rubuce, da sunan mai ɗaki, da lambar kamun ɗaki, da yawan gadaje. Maganar baka ta ɗan kamfani a Yamai ko a Kano ba ta buɗe ƙofa a Makka.

Abinci kuma wani babi ne. A manyan otal akan jera abinci iri-iri da safe kowa ya ɗebi son ransa. A yawancinsu ƙaramin yaro kyauta yake ci, mai matsakaicin shekaru rabin kuɗi, wanda ya kai 12 kuwa babba ne, kuma da fasfo suke duba shekaru, ba da ido ba. Sai a tabbata kalacin mutum nawa ne ke cikin kuɗin ɗaki, don sau da yawa na mutum biyu ne kawai. A kuma tambayi lokacin da ake rufewa, saboda yaran da aka tasa da asuba sukan koma barci har hantsi ya dubi ludayi. Kada kuma a ɗauka yaron da ya saba da koko da ƙosai zai yi murna da cuku da zaitun. Uwa mai dabara takan tafi da garin kunu a jaka, ta tabbata akwai butar dafa ruwa da ƙaramin firji a ɗaki. Wanda zai je cikin azumi ya ƙara lura: otal yakan mayar da kalaci ya zama sahur ko buɗa-baki, wuraren cin abinci kuma a rufe suke da rana, alhali ƙananan yara ba azumi suke ba. Wanki ma, in aka ba otal, da ɗai-ɗai suke ƙirga tufa, kuma kowa ya san yawan rigar da yaro ke ɓatawa a yini.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne, waɗannan masaukai ba irin na Dubai ba ne. Ba kasafai ake samun wurin ninƙaya ko filin wasa ba, kaɗan ne ma ke da ɗakin wasan yara. Kusanci da masallaci shi ne alfarmar da ake saya.

Sai batun ranar isowa, wadda ita ce ta fi wahala a tafiyar duka. Jiragen da ke ɗauko mutanenmu sau da yawa cikin dare ko da asuba suke sauka Jidda, bayan an yada zango a wata ƙasa. Otal kuwa galibi ba ya ba da ɗaki sai wajen la'asar, fita kuma da tsakar rana. Ke nan iyali na iya isa da ƙarfe bakwai na safe, maza cikin harami, yara a galabaice, a ce su zauna kan kujeru su jira. Wanda ya iya kama ɗaki mai tauraro biyar, ya ƙara kwana ɗaya a gaba, wato ya biya daren da yake cikin jirgi, ya kuma sanar da otal a rubuce cewa da safe zai iso don kada a ɗauka ya fasa. A duk kuɗin tafiyar ba mu ga wanda ya fi wannan amfani ba.

Game da farashi, ba ya zama wuri ɗaya. Ɗakin da aka kama da sauƙi a watan Safar, shi ne zai ninka ya sake ninkawa a azumi, goman ƙarshe kuwa otal da yawa a dunƙule suke sayar da ita, ba a tsinka. Babban hutun makarantunmu yana faɗawa cikin tsananin zafi, lokacin da Makka ke wuce awo 40. Hutun ƙarshen Disamba ya fi sanyi, amma a lokacin ne iyalai daga ƙasashe da dama su ma ke zuwa da nasu yaran, sai kuɗi su hau. A matsayinmu na malamai dai muna roƙo kada a cire yaro daga aji mako uku ana gab da jarrabawa a ce ai ibada ce.

A duba kuma ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji. Tun watan Yulin 2020 harajin saye a Saudiyya kashi 15 ne cikin ɗari, ban da wani ɗan kuɗi na hukumar gari da ake ɗorawa kan ɗakunan otal. Alal misali, a ce ɗaki biyu, kowane riyal 1,000 a dare, kwana bakwai: riyal 14,000 ke nan. Harajinsa riyal 2,100. Idan muka ɗauki riyal a sefa 150 don sauƙin lissafi, jikka 315 ke nan da ba a ambata ba, abin da ya fi albashin malamin firamare na wata. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 kowace dala tun 1986, sefa kuma a ɗaure take da yuro, saboda haka duk ranar da dala ta tashi, ɗakin Makka ya ƙara tsada a Maraɗi ko da otal bai ƙara ko sisi ba. Haka nan akwai farashi mai rahusa wanda in an fasa ba a mayar da kome. Mai yara huɗu, wanda ɗaya na iya tashi da ƙyanda ana jibi tafiya, bai kamata ya yi wannan caca ba.

Takardu ma sun shafi masauki yanzu, domin tun watan Yunin 2025 hukumomin Saudiyya ba sa ba da bizar Umra sai an shigar da kamun ɗaki a otal mai lasisi cikin tsarinsu na Nusuk. Kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, har jaririya. A nemi katin rigakafin shawara, a kuma yi allurar sanƙarau aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Abin da ya fi kuɗi duka shi ne yaron kansa. Gine-ginen sun yi kama da juna, ƙofofin masallaci da yawa, in wuri ya cika kuma masu tsaro sukan tare hanya su juya mutane wata. Da an isa a karɓi katin otal a sa wa kowane yaro a aljihu, a rubuta lambar wayar uba a baya. Hukumar masallaci ma tana ba da wani abin ɗaurawa a hannun yaro mai ɗauke da lambar iyayensa, ana samu a manyan ƙofofi. A koya wa yara lambar ƙofarsu kamar yadda ake koya musu karatu: ta Sarki Abdul'aziz lamba 1, ta Sarki Fahad lamba 79.

Madina kuwa da sauƙi. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana cinye kilomita 450 cikin kamar awa biyu da rabi, sai dai yana da iyaka kan kaya, mu kuwa ba a san mu da tafiya da ƴar jaka ba. Garin shimfiɗe yake ba tudu, otal ɗin ba su kai na Makka tsawo ba, farfajiyar masallaci kuma ga manyan lemomin nan 250 da ke buɗewa da rana, yara na samun inuwa. Abu guda za a duba: wuraren sallar mata suna ɓangaren arewa ne na masallaci. Otal irin su Dar al-Taqwa a wannan gefe suke. Wanda ya sauka a kudu, shi ya yi kusa da sahun gaba, amma uwargida da tsohuwa sai sun zagaye masallaci da yara a hannu. Shiga Rauda kuma sai an kama lokaci ta Nusuk, maza daban mata daban, wanda ma ya yi daidai, don ɗaya ya tsare yara ɗaya ya shiga.

Alhajinmu dai ya koma wurin masu shirya tafiya da tambayoyi tara da muka rubuta masa a bayan takardar. Aka yi ta kai da kawowa har mako biyu. A ƙarshe ya haƙura da ɗaki mai kallon Ka'aba, ya mayar da kuɗin kan ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kowane da gado uku, shi da yaran maza a ɗaya, Hajiya da uwargida da ƴan matan a ɗaya, ya kuma biya daren isowa. Da suka dawo ya aiko mana da dabino da ruwan Zamzam, muka je yi musu barka da sauka. Hajiya tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, salla biyu kaɗai na yi a ɗaki." Uwargida ta leƙo daga bayan labule ta ce garin kunun da ta tafi da shi tun kwana na biyar ya ƙare. Muka jawo ɗan shekara biyar ɗin muka ce, "Kai kuma ɗan Alhaji, me ka gani a Makka?" Ya ce ya ga Ka'aba, kuma shi ne ke danna lif.